Abin da ya kori Sheikh Hasina daga Dhaka: kashi 30 ɗin nan ne mutane ba su gane ba

[Bidiyon jama'a na fitowa daga gidan firaminista]

Assalamu alaikum jama'a. Na san kun ga wannan bidiyon, wani ya ɗauko kujera a ka, wani ya rungumo agwagwa, wani kifi ne a hannunsa. Gidan firaminista Sheikh Hasina ne a Dhaka babban birnin Bangladesh, ranar 5 ga Agustan 2024. Da yake a makon ne mu ma ake zanga-zangar tsadar rayuwa a Najeriya, sai bidiyon ya yi ta yawo a WhatsApp ana cewa yunwa ce ta sa suka kori shugabarsu cikin kwana biyu. Tsada tana ciki, ba na musu. Amma abin da ya kunna wutar rigimar ɗaukar aikin gwamnati ce, kuma sai mun koma 1971 za ku fahimce ta.

[Taswira, sai kogin Buriganga da jiragen ruwa]

Bari mu yi sauri a nan. Dhaka tana bakin kogin Buriganga, sarakunan Mughal masu mulkin Indiya a lokacin ne suka mai da ita hedikwatar yankin Bengal wajen 1610, ta yi suna a duniya da wani yadi shara-shara na auduga. Turawan Ingila suka zo kasuwa ta koma Kalkata, gari ya yi sanyi. A 1947 aka raba Indiya, aka haɗa Musulmin gabashin Bengal da Pakistan. Ku duba taswirar da kyau, ƙasa ɗaya ce amma gida biyu, Indiya ta raba tsakaninsu da tazarar kusan kilomita 1,600. Gabas ta fi yawan jama'a, mulki da soja kuma suna yamma. A 1948 Jinnah, jagoran da ya kafa Pakistan, ya zo Dhaka ya ce Urdu kaɗai ne zai zama harshen ƙasa, alhali mutanen nan Bengali suke yi. Ranar 21 ga Fabrairun 1952 'yan sanda suka harbe ɗalibai masu zanga-zanga kan haka, ita ce ranar da yanzu duniya ke kira ranar harshen uwa.

A zaɓen 1970 jam'iyyar Awami League ta Sheikh Mujibur Rahman ta ci kujeru 160 cikin 162 na gabas, wato rinjaye a duk Pakistan, aka hana shi mulki. Daren 25 ga Maris 1971 sojojin Pakistan suka far wa Dhaka, har cikin ɗakunan kwanan jami'a. Wata tara ana yaƙi, Indiya ta shigo a ƙarshe, ranar 16 ga Disamba sojan Pakistan suka miƙa wuya a wani fili a tsakiyar Dhaka, gabas ta zama ƙasar Bangladesh. Gwamnatin Bangladesh na cewa mutum miliyan 3 aka kashe, wasu masu bincike na kawo adadi ƙasa da haka sosai, amma kowa ya yarda an yi ta'asa mai muni. Musulmi da Musulmi fa, abin yana min ciwo duk lokacin da na kalli hotunan nan.

[Hotunan mayaƙan 1971, a bar su su wuce a hankali]

To a nan nake so ku nutsu. A 1972 gwamnatin Mujib ta ware kashi 30 cikin 100 na guraben aikin gwamnati ga waɗanda suka yi yaƙin 'yanci. A ganina wannan daidai ne, mutum ya bar gona ya bar makaranta ya ɗau bindiga, wani ya dawo ba ƙafa, ai ya cancanci a duba shi. Sai dai shekaru na tafiya mayaƙan suna tsufa, maimakon kason ya mutu da kansa sai a 1997 aka ce 'ya'yansu su gada, a 2010 kuma aka ƙara da jikoki, kuma duka biyun Sheikh Hasina ce ke kan mulki, 'yar Mujib ɗin.

Da yawa cikin masu yi min kwament sun ɗauka irin rabon guraben da muke yi tsakanin jihohi ne. A lokacin akwai irinsa a can, kashi 10 na gundumomi, 10 na mata, 5 na ƙananan ƙabilu, 1 na masu buƙata ta musamman. Ku haɗa da 30 ɗin, 56 ke nan, saura 44 kacal ga wanda ya ci jarrabawa da guminsa. Kashi 30 ɗin kuwa ba ruwansa da inda ka fito ko talaucin gidanku, takardar kakanka kawai ake dubawa. Wa ke riƙe da rajistar sunayen mayaƙan? Gwamnati. An sha sake rajistar, an kuma kama manyan ma'aikata da takardun bogi. Tunda Awami League ce ta jagoranci yaƙin, ɗalibai suka ce ai wannan hanya ce ta cika ofisoshi da 'ya'yan jam'iyya.

[Masana'antar ɗinki, mata a kan kekuna]

Me ya sa aikin gwamnati ya zama abin mutuwa a kai? Ku duba wuyan rigarku, ba mamaki Bangladesh aka rubuta. Sama da kashi 80 na abin da suke fitarwa waje tufafi ne, ma'aikata kusan miliyan 4, galibi mata, yawanci a Dhaka da kewayenta irin su Gazipur da Savar, inda ginin Rana Plaza ya rufta a 2013 ya kashe mutum sama da 1,100. Tattalin arziki ya bunƙasa, an yi gadar Padma, an yi jirgin ƙasa na sama a cikin gari, wannan ba a ƙwace wa Hasina ba. Amma a 2024 mafi ƙarancin albashi a masana'antar ɗinki 12,500 ne a wata a kuɗinsu da ake kira taka, wanda ya gama digiri ba can yake hange ba. Duk shekara dubban ɗaruruwan matasa ke zana jarrabawar BCS ta shiga aikin gwamnati, gurabe 'yan dubbai. Kamar ka kwana a layin mai ne, asuba ta yi a ce fiye da rabin man an riga an ware wa wasu.

A 2018 ɗalibai suka fito, Hasina ta soke kason a manyan muƙamai. Ranar 5 ga Yunin 2024 babbar kotu ta dawo da shi, kuma abin da mutane ba su sani ba, gwamnati da kanta ta ɗaukaka ƙara. Da an yi haƙuri wallahi da a kotu maganar za ta ƙare. Sai ranar 14 ga Yuli Hasina ta tambayi 'yan jarida, in jikokin mayaƙa ba su samu ba, jikokin Razakar ne za su samu? Razakar su ne 'yan ƙasa da suka taya sojan Pakistan kashe 'yan uwansu a 1971, babu zagin da ya kai wannan a can. A daren ɗaliban Jami'ar Dhaka suka cika titi, washegari 'yan reshen ɗalibai na jam'iyya mai mulki suka auka musu da sanduna.

[Abu Sayed a tsaye, hannuwa a buɗe. Kar a nuna harbin]

Wannan Abu Sayed ne, ɗalibi a garin Rangpur, 16 ga Yuli. 'Yan sanda suka harbe shi a gaban kyamara. Allah ya jiƙansa.

Daga nan komai ya canza. Aka katse intanet, aka sa dokar hana fita, soja suka fito. Ranar 21 ga Yuli kotun ƙoli ta rage kason gaba ɗaya zuwa kashi 7, biyar na iyalan mayaƙa, 93 na cancanta. An ba su abin da suka nema, to amma a lokacin an riga an binne ɗaruruwan mutane, ga haushin zaɓen 2014 da na 2018 da na Janairun 2024 da 'yan adawa suka ce ba zaɓe ba ne. Buƙata ta koma guda ɗaya, ta sauka. Ranar 5 ga Agusta jama'a suka doshi Dhaka, soja ba su tare su ba, Hasina ta hau jirgi mai saukar ungulu ta bar gidan, ta ƙare a Indiya bayan shekara 15 a jere tana mulki. Kwana uku bayan haka aka rantsar da Muhammad Yunus, mai bankin Grameen da ya ci kyautar Nobel a 2006, ya riƙe gwamnatin wucin gadi. Rahoton ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya da ya fito a Fabrairun 2025 ya ƙiyasta cewa mutanen da aka kashe za su iya kai 1,400, mafi yawansu jami'an tsaro ne suka harbe su.