Fodkas daga Garwa: kafin a je meri, wa ya bayyana wa amarya takardar?

Hajiya: Masu sauraro, assalamu alaikum. Yau ni da Malam za mu taɓa maganar da ake jin nauyinta a gidajenmu, wato dukiya tsakanin miji da mata. Malam, barka da zuwa.

Malam: Barka kadai, Hajiya. Mu fara da abin da mutane da yawa ba su sani ba. A Kamaru, ɗaurin aure a masallaci ya halatta aure a addini, amma wanda hukuma ta sani shi ne na meri, ofishin magajin gari. Dokar rajistar haihuwa da aure ta 1981 ta ce a rubuta a takardar aure ko mace ɗaya aka zaɓa ko fiye, sannan idan akwai yarjejeniyar dukiya, a ambata: haɗa dukiya ne ko kowa da tasa.

Hajiya: To nan ne zuciyata take sosuwa. Yarinya ta sha lalle, an rufe mata fuska da mayafi, ƙawaye na guɗa a waje, sai jami'in meri ya jefo tambaya kan wannan zaɓin da Faransanci. Ta saci kallon ango, ya gyaɗa kai, ita ma ta gyaɗa. Wallahi ba ta san abin da ta amsa ba. Alhali keken ɗinkinta na nan, da kuɗin adashenta, da kayan ɗakin da uwarta ta yi shekaru tana tarawa, kwano bayan kwano.

Malam: Kuma a Musulunci sadakinta da abin da ta samu da guminta nata ne, miji ba ya taɓawa sai da yardarta.

Hajiya: Haka ne. Amma ranar da bashi ya hau kan mijin, ko rabuwa ta zo, takarda za a buɗe.

Malam: Shi ya sa ake rubuta yarjejeniyar a gaban notar, wato jami'in da ke rubutawa da tabbatar da takardun doka, kuma kafin aure ake yi. Sai dai notar na su biyun ne, ba ya tsaya wa ɗaya.

Hajiya: Ashe ke nan tana bukatar nata lauyan.

Malam: Nata na kanta, ba abokin ango ba, ba wanda dangin ango suka kawo ba. A Ostireliya ma doka ce: irin wannan yarjejeniya ba ta ɗaure ma'aurata sai kowannensu ya samu shawarar lauyansa daban. A 2017 babbar kotun ƙasar ta soke wata, domin matar ta sa hannu saura kwana 4 biki, danginta sun riga sun iso daga wata ƙasa, mijin kuma ya ce in ba ta sa ba an fasa. Lauyarta ta ce mata kada ta sa hannu, amma kotu ta ga matar ba ta da zaɓi.

Hajiya: Allah sarki! Wannan ai mun san shi. An raba goro, an buga kati, wace yarinya ce za ta ce a dakata?

Malam: Wasu za su ce neman lauya rashin yarda ne.

Hajiya: Ban yarda ba, Malam. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni take a rubuta bashi, kuma tsakanin muminai. Ni waliyyai nake roƙo: tun lokacin baiko, a kai yarinya wurin wanda zai karanta mata takardar da Hausa ko Fulatanci, ita da mahaifiyarta, ango ba ya ɗakin.

Malam: Kuma ta karɓi kwafinta, ta ajiye a gidansu.