Katin aiki ba ya ɗora tukunya

Jama'a masu saurare, makon jiya na halarci wani taron manema labarai a nan Jos. Ana rufe taro sai ga matasan 'yan jarida sun yi layi gaban wani hadimi, yana zaro 'yar ambulan daga aljihun babbar riga yana miƙa wa kowa. "Kuɗin mota," in ji shi. Wani dattijo a gefena ya taɓe baki ya ce ai ɗan jarida da maroƙi ɗanjuma ne da ɗanjummai.

Maganar ta ƙona min rai, don na san mai gidan da ya koya min aikin nan. A jarida ya fara, zamanin tafireta, daga baya ya koma rediyo yana yawo da rakoda a kafaɗa, in batir ya yi sanyi ya sa biro ya juya kaset. Lokacin rikicin Satumban 2001 kwana ya riƙa yi a ɗakin labarai, yana auna kowace kalma kafin a karanta, domin ya san kalma ɗaya na iya tayar da unguwa. Wannan ne maroƙi?

Aikin da Abubakar Imam ya riƙe a Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 ke nan. Aikin nan ne ya kai Tunde Thompson da Nduka Irabor kurkuku a 1984 ƙarƙashin Dokar Soja ta 4 mai takura wa 'yan jarida, shi ya ci ran ɗan jarida Dele Giwa a 1986. Garin nan ma, inda aka kafa jaridar Nigeria Standard a 1972, ba baƙo ba ne a harkar.

To me ya kai yaran nan layin ambulan? Albashi. Ni kaina na yi wata bakwai a wani gidan jarida ban ga ko sisi ba. Da muka yi ƙorafi, mai kamfanin ya nuna katin da ke rataye a wuyana ya ce, "Ba ga shi nan ba? Je ka ci da shi." Haba! Kati zan ba mai haya? Kati zan miƙa wa mai kayan miya a Farin Gada?

Masu gidajen jarida za su ce talla ta ja baya, Facebook ya kwashe masu karatu. Mun ji. Amma dizal na janareta ba a taɓa bin su bashinsa wata bakwai ba, sai hakkin wakili.

Ban wanke kowa ba, akwai waɗanda ko an cika musu aljihu sai sun karɓa. Sai dai wanda ba a biya ba, wani zai biya shi, kuma gobe labarin wancan ɗin za ku ji a rediyo, an wanke shi tas. Ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa, NUJ, tana nan tun 1955. Ta fito da sunayen gidajen da ke riƙe albashi, mu karanta su a nan, ɗaya bayan ɗaya, da adadin watannin.