Amsoshin Tambayoyinku: Karena ya tsufa, ya zan yi da shi?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wasiƙar farko yau daga Argungu take, wani dattijo mafarauci ne ɗansa ya rubuto mishi. Ya ce: "Karena ya kai shekara 11, yanzu ba ya iya bin mu daji, ƙafafun baya sun yi rauni, ido ya yi fari. Abokai sunka ce in kai shi bayan gari in sake shi. Zuciyata ta ƙi. Mi ya kamata in yi?"

Toh Baba, zuciyarka gaskiya ta faɗa maka, don Allah kar ka sake shi. Karen da bai gani sosai kuma bai iya gudu, in ka kai shi bayan gari yunwa da ƙishirwa ne za su kashe shi a hankali, ko yara su jefe shi, ko mota ta take shi. Dabbar da ta yi shekara da shekaru tana tayar maka da zomo da gada cikin rana da ƙaya, ai tana da haƙƙi a kanka. Hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah ya gafarta mishi yana nan cikin Bukhari da Muslim, kowa ya san shi.

Kare yakan yi shekara 10 zuwa 13 ne galibi, tsufa kuma tun wajen shekara 7 ko 8 yake fara kama shi, kenan naka ya yi nisa, shiri ya kamata a fara tun yanzu da sauran ƙarfinshi. Ka samo mishi inuwa, a shimfiɗa buhu biyu ko tsohon bargo don kwanciya kan siminti tana ƙara ciwon gaɓoɓi kuma tana fidda gyambo a gwiwa da ƙugu, lokacin hunturu a kare mishi iska. Tuwon a jiƙa shi da romo ya yi laushi tunda haƙora sun tafi, a ba shi kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku maimakon a jibga mishi sau ɗaya, kaskon ruwa kuma a aje kusa da kanshi kullum wuri ɗaya, tunda ido ya tafi da hanci da sabo yake nemo abu. A riƙa cire mishi kaska.

Sannan ka kai shi asibitin dabbobi a Birnin Kebbi ko wanda ya fi kusa da kai, in abin ya fi ƙarfinsu akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ka tambayi likita kai tsaye: in ranar hutar da shi ta zo ya za mu yi, nawa ne kuɗin, za ka iya zuwa gida? Ka karɓi lambarshi ka aje ɗan abin da ya sawwaƙa a gefe.

Ranar kuwa za ka gane ta. Ya daina ci ya daina sha, ba ya iya tashi sai ya yi fitsari da kashi a kwance, numfashi da ƙyar, dare yana nishi, ka kira sunanshi ko jela bai kaɗawa. A irin wannan halin likita na da allura, maganin sa barci ne mai yawa, cikin 'yan mintuna ya tafi ba wahala. Malamai sun yi saɓani kan hutar da dabbar da aka fidda rai da ita, don haka ka zauna da malaminku tun yanzu hankalinka ya kwanta. Abin da dai nake roƙo, ba maganin ɓera, ba fiya-fiya a abinci, wallahi azaba ce mai tsanani. In ya mutu a haƙa rami mai zurfi kamar mita ɗaya nesa da rijiya, musamman in allura aka yi, don maganin na nan cikin naman, ungulu ko wani kare ya ci shi ma zai iya mutuwa.

Sai wata 'yar'uwa daga Zuru, ta ce karen gadinsu na ɗingishi, ko ta ba shi ibuprofen ko paracetamol? A'a 'yar'uwa, kar ki soma. Ibuprofen na tsaga cikin kare ya lalata ƙoda, paracetamol kuma in ya yi yawa hanta yake taɓawa. Akwai nasu maganin ciwo, likita ne zai auna nauyinshi ya rubuta.

Na ƙarshe daga Jega, wani matashi ya ce tsohon karensu kwana biyu yawu na zuba yana kai wa kowa cizo, wai tsufa ne? Ɗan'uwa wannan kar ka ɗora wa tsufa, yana iya zama ciwon haukan kare. A kulle shi, a hana yara zuwa wajen, a kira likitan dabbobi yau ɗin nan. Duk wanda ya ciza ko ya yaƙusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 a wuce asibiti a fara allura, kar a jira alama, don in alama ta fito magani ya ƙare. Kuma allurar rigakafi duk shekara har tsohon kare ana mishi.

Baba na Argungu, in kun dawo daga wajen likita a rubuto mana abin da ya ce. Sauran wasiƙun sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.