Idan Kifin Oscar Ya Fi Ƙarfin Akwatinsa

Assalamu alaikum, masu kallo. Wannan kifin da kuke gani sunansa Oscar. Masu sayar da kifin ado sukan kawo shi yana ɗan ƙarami, tsawonsa bai wuce santimita 4 ko 5 ba. Asalinsa daga kogin Amazon ne da rassansa a Kudancin Amurka, kuma dangi ɗaya suke da karfasar kogunanmu. In yana samun abinci da ruwa mai kyau, a shekararsa ta farko yakan ƙara kusan santimita 2 duk wata, wani ma ya ɗara haka. Kafin shekara ta zagayo ya wuce santimita 20, babbansa kuma yakan kai 30 ko fiye, ya yi shekara 10 zuwa sama a raye. Ƙaramin akwatin gilashin da aka saba haɗa wa mai saye da shi, mai tsawon santimita 60, wata biyar ko shida ne ya yi masa kaɗan.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa kifi daidai akwatinsa yake girma, wai in wurin ƙarami ne sai ya tsaya da kansa. Gaskiya ne yakan tsaya, amma tsumburewa ce ta ciwo. Ruwan ya gurɓace, jikin ya takura, girma ya tsaya, kwanansa ya ragu. Kada kuma a rage masa abinci da gangan don a hana shi girma, wannan zalunci ne ga dabbar da ke hannun mutum.

Mu fara da awo. Ku ɗauki tef ku auna tsawon akwatin da faɗinsa da zurfinsa da santimita, ku ninka su, ku raba da 1,000, abin da ya fito shi ne yawan lita. Akwati mai 60 da 30 da 30 lita 54 ke nan, in an cire tsakuwa da sararin da ake bari a sama da ƙyar a samu lita 45. Ƙa'idar da masu kiwo ke bi ita ce tsawon akwati ya ninka tsawon kifin aƙalla sau huɗu, faɗinsa kuma ya kai tsawon kifin sau ɗaya da rabi. Faɗin nan shi mutane suka fi mantawa. Kifi mai santimita 28 a akwati mai faɗin 30 ba ya iya juyawa sai ya lanƙwashe jiki, ya goga baki da gilashi. Shi ya sa za ku ga ƙullutu ko ƙujewa a leɓensa na ƙasa.

Amma matsin wuri ba shi ke fara kashe shi ba, ruwa ne. Oscar maci ne, kuma yana fitar da ƙazanta da yawa. Ta wurin numfashinsa da kashinsa yake sakin amoniya, wadda guba ce. A cikin soson filta, wato na'urar tace ruwan akwati, akwai ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke juya amoniya ta koma naitirayit, shi ma guba, sannan wasu su juya shi ya koma naitiret, wanda ya fi sauƙi amma yana taruwa, ba ya fita sai an canza ruwa. Yawan ƙazantar da kifin ke fitarwa a kullum ba ya canzawa, ko a lita 54 yake ko a lita 300. Bambancin shi ne a ƙaramin akwati ƙarfinta ya ninka fiye da sau biyar. Don haka ku nemi kayan gwajin ruwa, irin na ɗigo ya fi na takarda inganci. Amoniya sifili ake so, naitirayit sifili, naitiret kuma ƙasa da miligiram 40 a kowace lita, in ya tsaya kusa da 20 ya fi. Idan kuka canza ruwa ranar Asabar, zuwa Laraba naitiret ya koma sama da 40, to akwatin ya gaza, ko da kifin yana nan da kuzarinsa.

Jikinsa ma yana nunawa. Launi ya dushe, ya kwanta a ƙasa ya karkace, ya riƙa hawowa sama yana haki, gefen fikafikansa ya fara zagwanyewa. Wanda ya fi tayar da hankali shi ne ƙananan ramuka da ke ɓullowa a kansa da kewayen idanu, kamar an soka allura. Wannan ciwon ya yi ƙaurin suna a jikin Oscar, kuma yawanci yana tafiya ne tare da ruwa marar kyau da abinci marar gina jiki. In aka kama shi da wuri aka gyara ruwan, ramukan sukan daina yaɗuwa. In suka yi zurfi, ko ya warke tabon yana nan.

To kafin a samu sabon akwati me za a yi? A riƙa canza kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na ruwan sau biyu a mako, ana zuƙe dattin cikin tsakuwa da tiyo. Sai dai a kula: in an yi watanni ba a canza ruwa ba, kada a zubar da yawa a tashi ɗaya. Tsohon ruwa ya yi tsami, jikin kifin ya saba da shi, sauyin farat ɗaya na iya kayar da shi. A fara da kashi 15 zuwa 20 kullum har mako guda. Ruwan famfo a sa masa maganin cire kulorin. Ruwan rijiyar burtsatse ba shi da kulorin, amma iskarsa kaɗan ce, a bar shi ya kwana a baho da famfon iska a ciki, a kuma gwada shi, domin wata rijiyar da naitiret ɗinta take zuwa. A fitar da kayan ado masu cin wuri, a ƙara filtar soso ta biyu. Wannan filtar za ta yi amfani nan gaba, za mu dawo kanta. Abinci kuwa sau ɗaya a rana ya ishi wanda ya tasa, abin da zai cinye cikin minti biyu, ragowar a kwashe. Duk wannan jinkiri ne na 'yan makonni, ba magani ba. In kuɗin gilashi bai samu ba, babbar robar da ake kiwon tarwaɗa a ciki tana aiki sosai, muddin an sa filta da murfin raga, kuma ba a taɓa zuba sinadari a cikinta ba.

Sabon akwati a saye shi da girman da kifin zai kai, ba wanda yake yanzu ba. Wanda ya tashi daga lita 54 zuwa 120, bayan wata shida zai sake komawa wurin mai gilashi. Oscar ɗaya yana buƙatar santimita 120 da 50 da 50, lita 300. Biyu kuwa a nemi tsawon 180, lita 450 zuwa sama. Kaurin gilashi milimita 10 ga na lita 300, da maɗaurin gilashi a sama don kada gefen ya buɗe. Sai maganar nauyi, wadda ke fasa akwatuna da yawa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Ruwa kilo 300, gilashin kansa kusan 60, ga tsakuwa, an doshi kilo 400, wato buhun siminti takwas. Teburin falo ba zai ɗauka ba. A sa maƙeri ya yi teburin ƙarfe, a ɗora katako mai kauri, a shimfiɗa farin soson nan na cikin kwalin firji ko talabijin, a tabbatar ko'ina ya daidaita. In kusurwa ɗaya ta ɗaga, nauyin yana murɗa gilashin har ya tsage, sau da yawa cikin dare. A cika shi da ruwa a bar shi kwana biyu a ga ko yana yoyo tukuna.

Filta ta iya juya ruwan duka sau huɗu zuwa shida a awa, wato lita 1,200 zuwa 1,800. Abin da aka rubuta a kwali yakan ragu da zarar an cusa soso, don haka a ɗauki wadda ta ɗara. Zafin ruwa digiri 24 zuwa 28. A lokacin hunturu a Kano ko Jos ko Zinder ruwa na iya sauka ƙasa da haka da dare, sai an sa hita mai wat 200 zuwa 300, a cikin kariyar roba, domin Oscar yana bugun kaya yana fasa su. A watan Afrilu kuma matsalar ta juya, ruwan ɗumi ba ya riƙe iska sosai, sai a ƙara famfon iska. Murfi mai nauyi dole ne, kifin yana tsalle.

Yanzu ranar ƙaura, kuma nan ne aka fi yin asara. Mutum ya wanke komai fes, ya sa sabuwar filta da sabon ruwa, bayan kwana huɗu kifin ya mutu. Dalili, bakteriyar nan ba a cikin ruwa take zaune ba, a jikin soso da tsakuwa take. Sabuwar filta ba komai a cikinta, kuma kafin bakteriya ta kafu daga farko yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Saboda haka tsohon soson, da waccan filtar ta biyu, su ake ɗauka a jiƙe a kai sabon akwati. In sun yi datti a ɗauraye su sama-sama a cikin ruwan tsohon akwatin, ban da ruwan famfo, kulorin yana kashe su. Kada su bushe, kada kuma su daɗe ba ruwa na ratsa su.

A hana kifin abinci kwana ɗaya kafin ranar. A daidaita zafin ruwan biyu, bambancin kada ya wuce digiri ɗaya ko biyu. A rage ruwan tsohon akwatin zuwa rabi, a kora kifin cikin roba ko ƙaramin bokiti a ɗauke shi da ruwansa a rufe. Raga ba ta dace da babban Oscar ba, ƙayoyin bayansa suna maƙalewa su karye. Bayan an sake shi a kashe fitila. Zai iya kwanciya a gefe ya ƙi cin abinci kwana biyu ko uku, halinsa ne in an taɓa masa wuri. Abin lura shi ne gwajin ruwa, kullum har mako biyu. Da zarar amoniya ko naitirayit ya nuna, a canza kashi 30 nan take a rage abinci. In an ɗauke wuta, famfon iska mai batir shi zai riƙe kifin. Filtar da ta yi awanni a kashe kuma, musamman rufaffiya, a zubar da ruwan cikinta kafin a kunna, don ya riga ya lalace.

Wanda ya duba ya ga ba shi da wuri ko halin lita 300, ya nemi mai babban akwati ya ba shi, ko ya tambayi shagon da ya saya ko za su karɓa. Gara a yi haka tun kifin yana da lafiya, mai ramuka a ka wuyar samun mai karɓa gare shi. Kada a kai shi dam ko kogi ko kududdufi. A kudancin jihar Florida ta Amurka, Oscar da aka saki tun shekarun 1950 ya hayayyafa ya zauna a magudanan ruwa har yau. Ruwanmu na da ɗumin da yake so, yana cin ƙananan kifaye, kuma yana iya ɗaukar wa karfasa cutar da ya kwaso daga akwati.