Dafin Tetanus a Ɗakin Gwaje-gwaje: Amfaninsa da Yadda Ake Kiyaye Kai

A wasu ɗakunan gwaje-gwaje akwai wata ƙaramar kwalba, ɗan farin garin da ke gindinta da ƙyar ido ke kama shi. Dafin tetanus ne, wanda ke haddasa cutar sarƙewar haƙora. Masana sun ƙiyasta cewa nanogiram 2.5 a kan kowane kilo na nauyin mutum ya isa ya kashe wanda bai yi riga-kafi ba. Nanogiram kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram. Amma duk da haka, masu bincike da kuɗinsu suke sayen sa, su adana shi a firji. Me suke nema a jikinsa?

Wata ƙwayar bakteriya ce mai suna Clostridium tetani take samar da shi. Kitasato Shibasaburo, ɗan ƙasar Japan, shi ya fara ware ƙwayar ita kaɗai a birnin Berlin a 1889. A 1890 Knud Faber na Denmark ya nuna cewa dafin da take fitarwa ne ke haifar da alamun ciwon.

Dafin sassa biyu ne. Babban sashen yana manne wa ƙarshen jijiyar da ke motsa tsoka, ya sa a ɗauke shi ta cikin jijiyar har zuwa laka. Can ƙaramin sashen ke fara aikinsa. A laka akwai wasu ƙwayoyin jijiya da ke zaman birki: su ke sa tsoka ta saki bayan ta ɗaure, ta hanyar fitar da sinadaran GABA da gilaisin. Ƙaramin sashen yana yanke wani furotin guda ɗaya mai suna synaptobrevin, wanda idan babu shi waɗannan sinadaran ba za su fita ba. Birki ya tsinke ke nan. Muƙamuƙi ya kafe, wuya ya sandare, baya ya gantsare, har numfashi ya gagara.

Giampietro Schiavo da Cesare Montecucco da abokan aikinsu a Jami'ar Padua ta Italiya su suka gano wannan yankan a 1992. A ganina nan ne darajar dafin take: abin da yake yankewa sananne ne, kuma ba ya kuskurensa. Mai bincike kan sa shi a ƙwayoyin jijiya, ya toshe hanyar aika saƙo, sannan ya duba abin da ya tsaya da abin da ya ci gaba. Da haka aka tabbatar da rawar da furotin ɗin ke takawa. Daga 1995 aka fara dasa ƙwayar gadon ƙaramin sashen a cikin ƙudan 'ya'yan itace, a rufe bakin wasu zaɓaɓɓun jijiyoyi don a ga wace ɗabi'a za ta ɓace. Ana kuma zuba ɗan mitsitsin dafin a ƙwaƙwalwar ɓera don nazarin farfaɗiya. Wani ɓangare na babban sashen, wanda ba ya cutarwa shi kaɗai, ana bin sawunsa don gano hanyoyin jijiya.

Idan aka kashe kaifin dafin da sinadarin fomalin, sai ya zama maganin riga-kafi, aikin da aka fara a Faransa a shekarun 1920. Allurar sanƙarau ta MenAfriVac, wadda aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, sannan ta iso arewacin Najeriya, a kan wannan kasasshen dafin aka gina ta.

To, yaya ake aiki da shi lafiya? Kariya ta farko tana shiga jikin ma'aikaci tun kafin kwalbar ta iso. Dole a duba katin riga-kafinsa, a tabbatar allurar ƙari ta ƙarshe ba ta wuce shekara 10 ba. Kada wani ya ce ai ya taɓa yin ciwon ya warke. Adadin da ke sa ciwo ya yi ƙanƙantar da jiki ba ya koyon yaƙarsa, don haka warkewa ba ta ba da garkuwa.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne sa'ad da dafin yake gari, domin iska kaɗan za ta tayar da shi. A cikin akwatin kariya mai zuƙe iska ake buɗe shi, da farar riga, da safar hannu biyu, da tabarau. A zuba ruwan narkarwa a hankali, a raba shi ƙananan kwalabe, kowace da suna da kwanan wata, a kulle, a rubuta duk abin da aka ɗiba. Mai rauni a hannu ya haƙura da aikin har ya warke. Allura da gilashi kuwa a kauce musu iya iyawa, domin huda fata ita ce babbar hanyar shigarsa. Abin da ya rage ba a zuba shi a magudana haka nan. Furotin ne, zafi na lalata shi: a dafa kayan a tukunyar tururi mai matsi a kan digiri 121 na ma'aunin Celsius na tsawon awa ɗaya, ko a jiƙa su a sabon haɗin bilic.

Idan allura ta soki mutum, nan take ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya sanar da shugaban ɗakin, ya je wurin likita a ranar, da takardar bayanin dafin a hannunsa. Ina roƙon kada kunya ko tsoron faɗa su sa a ɓoye. Likita na iya ba da allurar ƙari, ko maganin garkuwa da ake kira TIG. Wannan maganin dafin da ke yawo a waje kaɗai yake kamawa. Wanda ya riga ya shige cikin jijiya ya wuce inda zai kai, sai dai a kwantar da mutum a ɗakin kulawa ta musamman, wani lokaci da na'urar numfashi, na tsawon makonni, har jijiyoyin su farfaɗo.