Wasan da ba a nemi yardar mutum ba

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau a kan zolaya ne da 'yar ƙaramar damfara, abubuwa biyu da mutane da dama ba sa lissafa su cikin laifi.

Mu faɗi gaskiya tun farko, abin yana da daɗi ga mai yinsa. Ka san abin da ɗan'uwanka bai sani ba, kana kallonsa yana ta kai-komo, kai kuma kana danne dariya. Aboki ya ɓoye wa aboki takalmi, ko ya sauya murya ya kira shi a waya, can asiri ya tonu, su biyun su yi ta ƙyaƙyatawa. Wannan ba ni da ja a kansa, yana ƙara danƙon zumunci ma. Amma a lura, su biyun ne suka yi dariya.

Ƙaramin ɗan damfara shi ma wannan daɗin yake ji, na cewa ya fi wani wayo, sai dai nasa da 'yar riba a kai. Ga mai karta uku a bakin titi, abokan cin mushensa sun saje da 'yan kallo suna nuna kamar suna ci, har mai wucewa ya zura hannu a aljihu. Ga mai turo saƙon ƙarya na shigar kuɗi, sannan ya kira yana marairaicewa, wai kuskure ya yi, a taimaka a mayar masa. In ka tsare shi sai ya ce, "Nawa ne ma kuɗin?" To ai ƙanƙantar kuɗin ita ce jarinsa. Wanda aka cuta yana jin kunyar a ce an yi masa wayo, yana kuma ganin abin bai kai a je wurin hukuma ba, sai ya yi shiru, shi kuwa gogan ya wuce kan na gaba. Mai karta da kwaɗayi yake kama mutum. Mai saƙon ƙarya kuwa da tausayi, kuma nasa ne ya fi ci min rai, domin wanda aka cuta saboda kirkinsa, gobe in mai buƙata na gaskiya ya tare shi, da wuya ya tsaya ya saurara.

Mai zolaya yana da iko da farkon wasansa. Ƙarshen ba a hannunsa yake ba, kuma mu ma'aikatan rediyo mun ga haka a cikin sana'armu. A watan Disamban 2012, an kwantar da Kate, matar Yarima William na Birtaniya, a wani asibiti a Landan saboda laulayin ciki. Sai wasu masu gabatar da shiri su biyu a wata tashar rediyo ta Ostareliya suka buga waya asibitin da asuba, ɗaya ta kwaikwayi muryar Sarauniya Elizabeth, ɗayan ta Yarima Charles. Ma'aikaciyar jinyar da ta ɗauki wayar ta yarda, ta haɗa su da ɗakin da marar lafiyar take, aka ba su bayanin halin da take ciki. Tashar ta watsa muryoyin, duniya ta yi ta dariya. Bayan kwana 3 aka tsinci gawar matar nan da ta ɗauki waya, ta kashe kanta, ta bar 'ya'ya 2. Ba wanda ya ce masu shirin sun nufe ta da mutuwa. Amma ba su san ta ba, ba su san nauyin da kunya ke da shi a zuciyarta ba, kuma ba su tambaye ta ko ta yarda a sa muryarta a iska ba.

Haka a Wichita ta jihar Kansas a Amurka, a Disamban 2017. Musu ne ya haɗa wasu masu wasan kwamfuta a kan cacar dala ɗaya da rabi. Ɗayansu ya sa wani ya kira 'yan sanda da labarin ƙarya, wai shi mai kiran ya harbe mahaifinsa yana kuma garkuwa da iyalinsa a wani gida, wanda suka ɗauka na abokin musun ne. 'Yan sanda suka kewaye gidan. Wani magidanci ɗan shekara 28, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya buɗe ƙofa ya ga ko lafiya, aka harbe shi. Mai kiran ya samu ɗaurin shekara 20. A Nashville kuma, a Fabrairun 2021, wani matashi ɗan shekara 20 ya tunkari mutane da wuƙa don ɗaukar bidiyon fashin wasa. Ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da bindiga, kuma ba wanda ya gaya masa wasa ne. Nan take ya harbe yaron.

Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne zolaya ta zama sana'a, har ta haɗe da damfara. A da, mai tsokana dariyar abokai kawai yake nema. Yanzu yawan masu kallo yake nema, saboda da shi ake biyansa kuɗin talla, kuma bidiyon da ya fi ban tsoro ko wulaƙanci shi ya fi jan jama'a. Shi ya sa a Janairun 2019 YouTube ya haramta zolayar da ke sa mutum ya ɗauka ransa na cikin haɗari.

A Basalona ta ƙasar Sifaniya, wani matashi ya cire kirim ɗin da ke tsakiyar biskit, ya cusa man goge baki a gurbinsa, ya miƙa wa wani bawan Allah da ke kwana a titi, tare da yuro 20. Mutumin ya ci, ya yi amai, matashin kuma ya sa bidiyon a intanet. A 2019 kotu ta yanke masa ɗaurin wata 15, ta umarce shi ya biya mutumin diyyar yuro 20,000, ta kuma hana shi amfani da YouTube na shekara 5. Hukuncin ya yi min daidai. Sai dai kotu mutum ɗaya ta iya gurfanarwa, alhali kuɗin da ya samu a bidiyon daga wurin waɗanda suka kalla, suka yi dariya, suka tura wa wasu ya fito.