Fasfon Kaka Ko Jiran Shekara 18: Yadda Yaran Amurka Ke Shiga Ƙwallon Ƙwararru

Jama'a, ku dubi waɗannan yara biyu da kyau. A shekarar 1998 aka haife su, mako uku ne kacal tsakaninsu. Wannan Christian Pulisic ne, ɗan garin Hershey a jihar Pennsylvania. Wancan kuma Weston McKennie, wanda makarantar renon 'yan wasa ta FC Dallas ta raina a Texas. Dukansu Jamus suka nufa, ƙungiyoyinsu ma maƙwabta ne da ba sa ga-maciji da juna, Dortmund da Schalke. Amma Pulisic ya samu izinin buga wa Dortmund tun farkon 2015 yana ɗan shekara 16, shi kuwa McKennie sai a watan Agustan 2016, da ya cika 18. Takarda ce ta raba tafiyarsu, kuma kan wannan takardar za mu yi magana yau.

A dokokin FIFA na cinikin 'yan wasa akwai sashe na 19. Abin da ya ce shi ne, ba a tsallaka da yaro wata ƙasa don ya yi wa ƙungiya wasa sai ya cika shekara 18. An bar 'yan ƙofofi: idan iyayensa sun yi ƙaura saboda wani dalilin da ba ƙwallo ba, ko gidansu da ƙungiyar duk suna cikin kilomita 50 daga kan iyaka, ko kuma cinikin na cikin Tarayyar Turai ne, inda ake yarda tun daga shekara 16. Ta wannan ƙofar ta ƙarshe Pulisic ya shiga. Kakansa haifaffen tsibirin Olib ne a Kuroshiya, shi ya sa jikan ya samu fasfon ƙasar. Kuroshiya kuwa sai a 2013 ta shiga Tarayyar Turai, wato da ƙyar ma lokacin ya yi masa daidai. Yana ɗan shekara 17 ya fara taka leda a Bundesliga, babbar gasar Jamus, kuma a Janairun 2019 Chelsea ta saye shi kan yuro miliyan 64. Gio Reyna ma haka ya bi zuwa Dortmund, da fasfon Portugal da ya samu ta wajen kakarsa.

Wanda ba shi da kaka Bature fa? Sai haƙuri. Josh Sargent ya daidaita da Werder Bremen tun 2017, amma bai iya sa hannu ba sai da ya cika 18 a Fabrairun 2018. Labarin Ben Lederman ya fi ban tausayi. Yana ɗan shekara 11 iyalinsa suka tattara suka koma Sifaniya saboda Barcelona ta ɗauke shi. Da FIFA ta hukunta Barcelona a 2014 kan karya wannan doka, sai yaron ya wayi gari ba shi da izinin buga wasan gasa.

Ni dai ba zan zagi dokar nan ba. An kafa ta ne saboda dillalan da ke kwasar yara daga Afirka da Kudancin Amurka da alkawarin daɗi, in gwaji bai yi kyau ba su watsar da su a titin Turai, ba kuɗin mota, ba takarda. Dokar da ta tare yaron Texas ita ce ke tare yaron Kano ko na Damagaram, kuma ta kare da yawa. Abin da ke min ciwo shi ne shekarun da take cinyewa. Tsakanin 16 da 18 ne icce ke tanƙwaruwa, a lokacin ne koci ke gyara wa yaro tsayuwa da karɓar ƙwallo, kuma asalin kakanni ne ke yanke wanda zai samu wannan damar.

To, mu koma gida Amurka. A da, babbar hanyar ita ce: yaro ya buga a jami'a, sannan ƙungiyoyin MLS, babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka, su zauna su zaɓi 'yan wasa bi da bi a taron da ake kira SuperDraft. Kakar wasan jami'a 'yan watanni ce kawai, ga shi ɗan wasa yana gamawa yana da kimanin shekara 22, sa'anninsa na Turai sun riga sun yi nisa. Kafin jami'ar ma akwai wani shingen, domin a yawancin ƙungiyoyin yara iyaye ne ke biyan dubban daloli a shekara, ɗan talaka tun nan yake faɗuwa.

A 2008 MLS ta fito da dokar 'yan gida. Ƙungiyar da ta raini yaro aƙalla shekara guda a makarantarta tana iya ba shi kwantiragi kai tsaye, ba sai ya bi ta zaɓe ba. Wannan ya sa ƙungiyoyi suka zuba kuɗi a makarantunsu, da yawa kuma kyauta ne. Tyler Adams ta nan ya fito a New York Red Bulls kafin ya wuce RB Leipzig a 2019. Sai dai gatan yana da igiya. An raba wa ƙungiyoyi yankuna, ta yadda inda gidanku yake na iya yanke wace ƙungiya ce ke da iko da kai, ko da yake an sassauta tsarin a 'yan shekarun nan. Kwantiragin kuma da hukumar gasar ake ƙullawa, ba da ƙungiyar kanta ba.

Ku kwatanta wannan daren. Yaro ɗan shekara 17 na zaune da iyayensa, takarda biyu a kan tebur. Ɗaya tayin karatun jami'a ne kyauta, ɗaya kwantiragin ƙwararru. Bisa al'adar hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, in ya sa hannu a ta biyu, ta farko ta tafi. Uwa na duba gobe, in ƙafa ta karye. Yaro na duba sa'anninsa da ke talabijin.

McKennie ya ture duka biyun, ya jira ranar haihuwarsa ya tafi Schalke, kuma FC Dallas ba ta samu ko sisi ba bayan shekarun da ta yi tana renonsa. A lokacin ƙungiyoyin Amurka ba sa neman diyyar horo da FIFA ta tanadar. Sai a 2019 MLS ta ce za ta fara karɓa. Dallas ma ta ɗauki darasi: ta ɗaure Ricardo Pepi da kwantiragi tun yana 16, ta sayar da shi ga Augsburg a 2022 kan kusan dala miliyan 20.

Shi ya sa yanzu ake rige-rigen sa hannu tun yaro bai gama girma ba, kuma nan ne nake jin tsoro. Mun ga Freddy Adu, haifaffen Tema a Ghana, wanda ya fara buga wa D.C. United a 2004 yana ɗan shekara 14. An ɗora masa kayan da suka fi ƙarfin wuyansa, ya ƙare yana yawo a ƙungiyoyi fiye da 10. A Yulin 2024 Cavan Sullivan na Philadelphia Union ya karya tarihin Adu na zama mafi ƙarancin shekaru da ya buga MLS da kwana 13. A cikin yarjejeniyarsa an rubuta cewa zai koma Manchester City, amma tunda Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, ƙungiyoyin Ingila ba sa iya ɗaukar baƙon yaro kafin 18. Sullivan zai cika 18 ranar 28 ga Satumban 2027.